Matan Ruga da 'Ya'yansu a Ayyukan Raya Karkara: Nazari daga Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ayyukan raya karkara suke isa, ko suke kasa isa, ga matan Fulani makiyaya da 'ya'yansu a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta dogara a kan sakamakon shirin tallafa wa masu juna biyu da aka gudanar a Gagarawa tsakanin 2013 da 2019, da dokokin mallakar ƙasa da na kiwo, da rubuce-rubucen masana a kan sana'ar nono. Hujjar da takardar take kafawa ita ce, an riga an gano irin taimakon da yake yi wa uwa da ɗanta amfani a wannan yanki. Abin da ya rage shi ne ƙofar da ake bi a same shi, wato sunan mutum a takardar gari, wadda ba ta cika buɗe wa mutanen ruga ba, sai kuma ƙasar da dabbar mace za ta yi kiwo a kai, wadda kullum take raguwa.

1. Gabatarwa



Tun da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta 1991, ba ta fita daga sahun jihohin da talauci ya yi wa katutu ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya auna talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi, ya sa kimanin kashi 84 cikin 100 na mutanen jihar a cikin matalauta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Waɗannan alƙaluma na jiha ne baki ɗaya. Gida-gida ake bi a tattara su, don haka wanda ya kwashe bukkarsa ya yi gaba kafin masu ƙidaya su iso, ba ya cikin lissafin.

Ya kamata in fayyace waɗanda nake magana a kansu. Ban da Fulanin gari, waɗanda suka daɗe da shiga sarauta da malanta da aikin gwamnati. Maganata a kan mutanen ruga ce, kuma su ma kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka zauna a gefen ƙauyuka shekara da shekaru suna noma suna kiwo, samarinsu na tafiya da garke su dawo. Akwai kuma masu tashi da iyali gaba ɗaya, irin su Udawa masu tumaki da ke ketowa daga Nijar, da Buzaye masu raƙuma. Ban manta ba cewa matar manomi a ƙauyen Sule Tankarkar ita ma tana ɗanɗana kuɗarta, kuma yawancin abin da zan faɗa ya shafe ta. Bambancin shi ne ita tana da mai unguwar da ya san gidansu.

2. Ƙasar da mutanenta

Ƙasar Gumel jigawa ce mai rairayi, damina wata uku zuwa huɗu, babu kogin da yake gudana shekara. Rijiya da tafki da rijiyar burtsatse su ne ruwan mutum da na dabba. Gero da wake da riɗi da zoɓo ake nomawa. Da damina garkuna sukan haura arewa zuwa cikin Nijar don su kauce wa gonaki, da kaka su dawo cin kara da harawa, in rani ya yi tsanani su gangara fadamun Haɗeja. A bakin iyaka kuma ga kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma.

Akwai wani abu na tarihi da ya bambanta wannan masarauta da maƙwabtanta. Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel a tsakiyar ƙarni na 18, a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba kamar Haɗeja da Kazaure da Kano. Don haka Bafulatanin daji a ƙasar Lautai, wato Gumel, makiyayi ne da ya zo da sandarsa ya nemi wurin zama, Arɗonsa ya yi mubaya'a, bulama ya nuna masa fili. Zaman amana aka yi, na baka da baka. Manomi yana son taki a gonarsa, makiyayi yana son kara, matan gari suna son nono, matan ruga suna son gero. Wannan ciniki ya riƙe mutane tsawon zamani ba tare da takarda ba, kuma rashin takardar ne yau ya zama matsala.

3. An ƙirga shanu, ba a ƙirga 'ya'ya ba

A zamanin En'e, hulɗar hukuma da ruga jangali ce. Kowace damina malaman haraji sukan shiga daji su ƙirga shanu, Arɗo ya tara kuɗi ya kai. Hukuma ta san yawan garken kowane Arɗo gwargwadon abin da bai ɓoye ba, kuma saboda shanun nan kuɗin shiga ne, an kula da yi musu allurar bushiya da ta ciwon huhu. Yaran da ke bin shanun ba su da littafi. Da aka soke jangali a tsakiyar shekarun 1970, makiyaya sun huta da biya, amma igiya ɗaya tak da ta ɗaure su da ofishin hukuma ta tsinke, ba a kuma ƙulla wata ba.

Yau duk wani aikin raya karkara da takarda yake farawa. Gwamnati ce ko ƙungiyar agaji, za a je wurin hakimi, hakimi ya tura wurin dagaci ko bulama, shi kuma ya kira masu unguwanni su kawo sunaye. Rabon gidan sauro, maganin zazzaɓin damina na yara, takin zamani, rajistar marasa galihu, duk ta wannan hanya suke bi. Rugar da ke tsakanin ƙauyuka biyu, kowane bulama yana iya ɗauka ta ɗan'uwansa ce. Wadda ta sauka bayan kaka kuwa baƙuwa ce ga kowa. Ba sai an yi mugun nufi ba kafin a tsallake su. Tsarin ne bai tanadar musu layi ba.

Yaƙi da cutar shan inna ya tona wannan asiri. Daga 2012, da aka ga cutar ta ƙi ƙarewa a Arewa, sai aka tura ma'aikata musamman su nemi rugage da ƙananan matsugunai tare da taimakon Arɗaɗɗai da malaman dabbobi. Sun tarar da wurare masu yawa da ba sa cikin taswirar rigakafi, wasu ma ba a taɓa kai musu allurar ba. Shigar da su cikin taswira na daga cikin abin da ya kai Nijeriya ga samun shaidar rabuwa da cutar a watan Agusta 2020. A Chadi ma, masu bincike na ƙasar tare da Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan sun tarar da rugagen da shanunsu ke da rigakafi amma yaransu babu wanda ya kammala nasa. Daga shekarar 2000 suka fara fita da malamin dabbobi da malamin asibiti a mota ɗaya, rana ɗaya, aka yi wa saniya da yaro allura a zama guda, kuɗin aikin kuma ya ragu.

4. Darasin Gagarawa

A nan ne nake so mu daɗe, domin ba kasafai ake samun aikin agaji a ƙasarmu da aka auna shi da ma'auni mai kyau irin wannan ba.

Tsakanin 2013 da 2019 an gudanar da shirin tallafin renon yara da kuɗin gwamnatin Birtaniya a ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Zamfara, sai Buji da Kirikasamma da Gagarawa a Jigawa. Ƙungiyar Save the Children ce ta jagoranci shirin, Action Against Hunger kuma ta riƙe ɓangaren Jigawa. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mace in an tabbatar tana da ciki, kuma mazauniyar garin da shirin ya shafa ce, za a yi mata rajista a riƙa ba ta Naira 3,500 kowane wata har ɗanta ya cika shekara biyu. Daga 2017 aka mayar da kuɗin Naira 4,000. A hannunta ake sa kuɗin bayan ta dangwala yatsa, ba a hannun mijinta ba, kuma ba a gindaya mata abin da za ta saya. Tare da kuɗin akwai faɗakarwa ta bakin masu sa kai na gari da rediyo da limamai a huɗubar Juma'a: a je awo, a ba jariri dakashi, a shayar da shi nonon uwa zalla wata shida ba tare da ruwa ba, daga nan a haɗa masa abinci iri-iri.

Abin da ya ba wannan shiri daraja a wurin masu nazari shi ne yadda aka zaɓi garuruwan. Garuruwa 210 aka yi wa ƙuri'a, wasu suka fara karɓa da wuri, wasu aka jinkirta musu, don a iya kwatanta yaran nan da na can. Pedro Carneiro da Imran Rasul da abokan aikinsu sun buga sakamakon a mujallar American Economic Review a 2021. Bayan shekara huɗu, tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100 a garuruwan da suka fara karɓa. Wani zai ce kaɗan ne. Duk wanda ya san yadda wannan matsala take da taurin kai ya san ba kaɗan ba ne, balle a ce raguwar ta ɗore bayan an daina biyan uwar.

Dalilin ɗorewar shi ne ya fi jan hankalina. Kafin a fara, mutane da yawa sun yi zaton maza za su ƙwace kuɗin, ko matan su kashe a biki. Binciken ya nuna akasarin matan su suka riƙe ikon kuɗinsu. Sun sayi abinci, sun ƙara jari a 'yan sana'o'insu na cikin gida, sannan, abu mafi muhimmanci, sun sayi dabbobi. Mace ta san wata mai zuwa kuɗi na tafe, da wanda ke bayansa, har wata ashirin da wani abu, sai ta iya yin lissafi mai nisa: ta tara na 'yan watanni ta sayi akuya, akuya ta haihu, yaro ya samu abinci mai gina jiki, in ciwo ya zo a sayar da ɗan taure a je asibiti. Ranar da tallafi ya ƙare, akuyar tana nan a turke. Tabbacin zuwan kuɗin a kan kari ya yi aikin da yawansa kaɗai ba zai yi ba. Wannan ya sa nake ganin rabon kayan sana'a na rana ɗaya, wanda ake tara mata a filin sakatariya a ɗauki hoto a watse, ɓarnar dukiya ce in aka gwada shi da ƙaramin abu mai zuwa wata-wata. Shirin rabon awaki ga mata da gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta yi, uku-uku a matsayin rance mai zagayawa, ya fi kusa da wannan fahimta, domin ya gane cewa dabba ita ce asusun matar karkara.

To, ina matar ruga a cikin wannan? Sharaɗin shiga shi ne zama a gari. Bafulatanar da rugarsu ta shekara talatin a bayan gari, bulama ya san mijinta da surukinta, tana da hanyar shiga. Wadda take Gagarawa da kaka, Kirikasamma da bazara, ƙasar Damagaram da damina, ko an rubuta ta, ranar biya ba ta nan. Ga shi kuwa a duk matan yankin babu wadda ta fi ta sanin yadda ake juya akuya ɗaya ta zama goma. Shirin da ya yi nasara saboda mata sun mayar da kuɗi dabbobi, tsarinsa ya fi wahalar shiga ga matan da kiwo ne gadonsu. Duk wanda zai sake irin wannan shiri a masarautar nan, gwamnatin jiha ce ko wata ƙungiya, ya kamata rajistar ta bi matar duk inda take, ta iya karɓa a kowace kasuwa ta jihar, Maigatari ko Gujungu ko Haɗeja.

5. Ƙwaryar nono

Masana sun daɗe da rubuta cewa a gidan makiyayi dukiya kashi biyu ce. Derrick Stenning ya nuna haka a littafinsa na 1959 a kan Woɗaɓen yammacin Barno, Ann Waters-Bayer kuma ta bi diddigin lamarin a shekarun 1980 a tsakanin Fulanin kudancin Kaduna. Sayar da saniya shawarar namiji ce. Nono kuwa, ko wa ya tatsa, da zarar ya shiga ƙwarya ya zama na mace, ita za ta raba na yara da na kasuwa, kuma kuɗinsa nata ne.

Mu bi ta ranar Alhamis. Tun jiya da yamma ta surfa gero ta daka, ta dafa ta kirɓa, ta cura fura ta barbaɗe ta da gari. Madarar jiya ta kwana ta zama kindirmo. Da asuba ta zuba wani a gora ta kaɗa har mai ya taso, ta tsame shi ta dunƙula ƙanana ta jefa a cikin tsala don kada ya narke. Ta jera ƙore a kan gammo, ta rufe da faifai, ta soka ludayi a gefe, goyo a baya, 'yarta mai shekara tara tana biye da ƙaramar ƙwarya. Tafiyar awa biyu ko fiye a cikin rairayi kafin ta ga rumfunan Maigatari. A can cikin kara ana cinikin miliyoyi, dillalai suna karɓar la'ada, ana loda tireloli zuwa Legas da Fatakwal. Ita tana gindin bishiya tana dama wa masu lodin fura. Da la'asar abin da ta samu ya koma gero da gishiri da manja da kanwa da sabulu da maganin zazzaɓi. Abincin yaran ruga da lafiyarsu daga wannan ƙwarya suke fitowa. Kuɗin sa kuwa, in an sayar, yakan tafi ga dusa da maganin dabbobi da biyan diyyar ɓarna da aure.

Wannan sana'a tana cikin matsi ta ko'ina. Da rani nono yakan ƙafe har sai an haɗa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri, wasu matan ma madarar gari suke saye a kanti su kwaɓa su kwanar, su sayar a matsayin nono. Matar da mijinta ke da garke tana sayen madarar da aka shigo da ita daga Turai. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ce ƙasar tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara wajen shigo da madara. Rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, sun rage wa kasuwar Maigatari jama'a, kuma in kara ba ta cika ba mai fura ba ta sayarwa. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mai shago yana karɓar tiransifa, ita kuwa ba ta da asusu, sau da yawa ba ta da waya, nono kuma ba ya jiran gobe.

Maganin da aka fi ambata shi ne cibiyoyin tara madara masu na'urar sanyaya, irin waɗanda ake kafawa a Jihar Kano da Kaduna, a kwaikwayi abin da Indiya ta yi daga 1970 a ƙarƙashin Verghese Kurien. Ina goyon bayan haka, musamman yanzu da hasken rana ya sauƙaƙa sanyaya madara a daji. Amma akwai haɗari da nake so a lura da shi tun kafin a aza tubali. In kamfani ya zo sayen ɗanyar madara, wa zai yi wa rajista? In aka ce mai shanu, to maigida ne. Shi ke da babur ɗin kai madara, shi ke da katin ɗan ƙasa da asusun banki. Cikin shekara guda kuɗin da ya kasance na mace tun kaka da kakanni ya koma aljihun namiji, madarar da ake rage wa yara ita ma a auna ta a sayar. Rahoto zai nuna kuɗin shigar gida ya ƙaru, alhali yaro ya rame. Don haka rajistar ƙungiyar masu madara da sunan matan za a yi ta, asusun nasu ne, ma'aji da mai awo daga cikinsu. In ba za a iya haka ba, gara a bar mata ƙwaryarta.

6. Burtali da mashaya

Duk abin da na faɗa a sama yana rataye ne a kan ciyawa da ruwa. Jama'a ta ƙaru, gona ta ci saura, ta ci burtali, ta kewaye tafki. Kara da harawa da a da ake bar wa makiyayi a bakin taki, yanzu manomi yana tattarawa ya ɗora a bishiya ya sayar da bazara, kuma ba a ga laifinsa ba, shi ma yana da dabbobi. In kiwo ya ƙare a kusa, samari sukan yi nisa da garke su daɗe, a bar mata da tsofaffi da 'yan shanun tatsa biyu ko uku. Rashin makiyaya a wurin namiji tafiya ce mai nisa, a wurin mace da yaro kuwa yunwa ce.

Jigawa ta yi abin a yaba a nan. Zamanin Sule Lamido an shata makiyayu da burtalai, an kafa famfunan iska a wuraren shayarwa, an kuma kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya ta jiha. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jihar ba ta faɗa cikin irin bala'in da ya auka wa Zamfara ba. Sai dai makiyayar da aka shata ba a kammala mata doka ba, ko aka bar turakunta suka ɓace, gona ce mai jiran mai ƙarfi.

Batun filin rake ya nuna inda gizo yake saƙa. Gwamnatin jiha ta ware wa wani kamfani kimanin hekta 12,000 a Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura don noman rake da yin sukari, abin da ya jawo taƙaddama mai zafi da manoma a wajejen 2016 da 2017. Ba na jayayya da kawo masana'anta. Yankin yana buƙatar aikin yi. Abin lura shi ne, a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, diyya ta abin da mutum ya kafa ce a kan ƙasa, shuka ko gini ko bishiya. Manomi ya yi kukan diyyarsa ta yi kaɗan, kuma an ji kukansa har a jaridu. Makiyayin da ya shekara arba'in yana kiwo a saurar wurin ba shi da abin da zai nuna, matarsa da ke samun itace da ganyen miya da ruwa a nan balle ita. Alhali dokar nan dai, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo. Dokar makiyayu ta Jihar Arewa kuma tana nan tun 1965.

Maƙwabtanmu sun riga mu a rubuce. Nijar ta shata iyakar noma ta arewa tun 1961, ta yi dokar karkara a 1993, a 2010 kuma ta yi dokar kiwo da ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ita ta tsara ƙetare iyaka da garke, kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairu 2025 ta sa dole hukumomin Jigawa da na Damagaram su riƙa zama da kansu kafin kowace kaka.

7. Makaranta da asibiti

An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da doka ta 41 ta 1989, hedikwatarta a Kaduna, bayan ƙoƙarin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi. Shirinta na rediyo, Don Makiyaya a Ruga, ya shiga inda mota ba ta shiga. Jigawa ma tana da hukumarta ta jiha da makarantu a rugage. Gini ba shi ne babbar matsala ba. Malami ne, da lokaci. Malamin da aka turo daga gari, ba ya jin Fulatanci, albashinsa ba ya isar man babur, zai zo yau ya huta gobe. Awannin karatu kuma sun faɗa daidai lokacin da yaro yake sakin maruƙa, yarinya take ɗaukar ƙwarya. Uwar da ta hana 'yarta zuwa aji ranar kasuwa lissafin abincin dare take yi. A daidaita lokacin da aikin ruga, a yi karatu da hantsi ko bayan la'asar, a haɗa da allo da karatun addini wanda iyaye suka riga suka yarda da shi. Kwalejin Ilimi ta Jiha tana nan cikin garin Gumel. Babu abin da zai hana kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin 'yan ruga da suka gama sakandare, musamman mata, su yi karatun malanta da sharaɗin komawa gida su koyar. Malama ɗaya Bafulatana a ruga za ta riƙe 'yan mata a aji fiye da kowane gangamin wayar da kai.

Ta fuskar lafiya, shirin Haihuwa Lafiya na jihar ya ba ƙauyuka masu nisa motocin kai masu naƙuda asibiti, kuma tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a asibitin Jahun. Amma motar a gari take kwana. Yarinyar ruga mai cikin fari, wadda tarbiyya ta hana ta nuna zafin ciwo a gaban surukai, takan kwana biyu tana naƙuda kafin a ɗaura wa shanu amalanke. Abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne: lambar direban ta kasance a wayar Arɗo, a horar da ungozomar ruga ta gane alamun haɗari, a kuma sa ranar awo da rigakafi ta dace da ranar kasuwa, tunda ranar ce matan suke shigowa gari da ƙafarsu.

8. Kira ga masu iko

Yanzu akwai kuɗi da ofisoshi fiye da da. Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a 2021 da shirin L-PRES na bunƙasa kiwo a 2022, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa ma'aikatar kula da kiwo a 2024. Tsorona shi ne a kashe kuɗin a kan shanu da gine-gine, a zauna da shugabannin Miyetti Allah da Arɗaɗɗai, dukkansu maza, a tashi ba a ji bakin mace ɗaya ba. Matar ruga ba za ta yi magana a gaban surukinta ba. Sai an ware musu zama nasu, da mace mai jin Fulatanci, a inuwar da suke sayar da nono in ya kama.

Ina roƙon Majalisar Masarautar Gumel ta umarci kowane hakimi ya zauna da Arɗaɗɗan ƙasarsa bayan kaka, a rubuta kowace ruga da matanta da yaranta, da inda suke tafiya da watan da suke dawowa, a sa ta a ƙarƙashin wani bulama da sunansa, a riƙa sabunta takardar duk shekara. Wannan takarda za a miƙa wa sashen lafiya da na ilimi da Hukumar Ƙidaya don takardar haihuwa, da duk ƙungiyar da ta zo da tallafi. Shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kuma, su auna makiyayu da burtalan da suka rage a ƙasarsu, su kafa musu turaku, su ba al'ummar da ke kiwo a kansu takarda kafin wani ya riga su. Ba sai sun jira Dutse ko Abuja ba. Sashe na 6 na dokar 1978 ya riga ya ba su wannan iko.